Hannun da Loretha Ta Ɗaga

Shekara ashirin da shida Loretha Pickens ta yi tana dafa wa 'yan firamare abinci a gabashin birnin Detroit na Amurka, kuma ba wanda zai ce ya taɓa jin ta ɗaga murya. Irin matan nan ce da za ka taka musu ƙafa a bas su riga ka ba da haƙuri. Mijinta Cleophus, wanda kamfanin mota ya tsotse ya yar, yakan ce ko sauro ne ya cije ta sai ta tambaye shi ko ya ƙoshi. 'Yan layi suna ce mata mai kirki. A garin nan kuwa mai kirki sunan wanda ba ya ba kowa wahala ne.

Tana da shekara hamsin da huɗu takarda ta zo daga kotu: sunanta ya fito cikin mutanen da ake ɗebowa daga gari, a tace sha biyu, su zauna su ji shari'a su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Masu wayo zamewa suke yi, wannan ciwon baya, wancan uwarsa na asibiti. Loretha goge rigar coci ta yi, ta isa tun ba a buɗe ƙofa ba.

Wanda ake tuhuma sunansa Dewitt Spann, mai gyaran rufin gida, shekararsa talatin da ɗaya. Wata Talata da rana tsaka ya ɗauki ɗan kawunsa a mota ya ajiye shi a ƙofar kantin wani tsoho, Mista Yaldo. Dewitt bai musa ba, ya san abin da ya kai su: ɗan kawun zai shiga ya wawuri abin da ya samu ya fito a guje, ya saba. Abin da ya rantse a kai shi ne bai san akwai bindiga a jikinsa ba. Harbi ɗaya, tsoho ya faɗi tsakanin kwalayen madara. Ba a yi sati ba 'yan sanda suka harbe ɗan kawun, sai ya zama wanda ya rage a hannu shi ne mai tuƙi.

Kwana huɗu ana shari'a. A na ƙarshe alƙali ya karanta musu doka, minti arba'in, da murya irin ta mai karanta takardar magani. Aka kora su wani ɗaki mai dogon tebur aka rufe.

Shugaban da suka zaɓa, Mista Hudak, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutumin da ke son ya ga komai ya shiga raminsa kafin a tashi aiki. Ya lanƙwasa yatsu.

"An yi fashi? An yi. Mutum ya mutu a cikin fashin? Ya mutu. Wannan ya taimaka? Da bakinsa ya faɗa. To zaman me muke yi?"

Hannu goma sha ɗaya suka tashi. Loretha tana kallon tebur ta ce, "Ni dai ban ga ya yi nufin a kashe kowa ba."

"Madam, ba a tambaye mu nufinsa ba."

"Ko yaro ne ya kifar min da tire, sai na tambaya da gangan ne ko tuntuɓe kafin in kai shi gaba."

Wani ya ce, "To ga shi yau mun samu alƙaliyar kicin." Aka yi dariya, ita ma ta ɗan taya su, don haka ta saba.

Amma ta kafe, abin da ba ta taɓa yi ba, har sai da aka rubuta wa alƙali tambaya: sai mun gamsu ya yi nufin cuta, ko kai shi wurin da ya yi ya isa? Amsa ta dawo layi biyu. Na riga na karanta muku doka, ku yi aiki da abin da kuka ji.

Juma'a ce. Wata tana da jika da za ta ɗauko, wani ya ajiye mota inda za a ja ta. Ba wanda ya zage ta, kallonta kawai suke yi suna sauke numfashi. Ƙarfe huɗu saura Loretha ta ɗaga hannu. Da suka koma zaure alƙali ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, wannan hukuncinka ne, wannan hukuncinki ne? Da ya zo kanta ta ce e.

Ba a gaya wa mutum sha biyun nan shekara nawa laifi ke ci, wai ba huruminsu ba ne. Ita a ranta bakwai ta kintata, ko goma. Bayan sati uku Cleophus yana shan kofi ya sauke jarida ya ce, "Retha, mutumin naku. Ɗaurin rai da rai, babu ranar fita." Ta ci gaba da shafa man shanu a burodi har burodin ya yage.

Shekara biyu ta haɗiye abin. Sai aka yi wata rasuwa a cocinsu, bayan jana'iza aka sauka ƙasa cin abinci, Loretha tana bayan tebur da ludayi kamar kullum. Wata doguwar tsohuwa ta miƙo faranti ba ta janye ba.

"Kin gane ni, 'yar'uwa?"

"Ki gafarce ni, Mama, idona ne."

"Ni na gane ki. Kwana huɗu na yi ina kallonku. Arzella Spann, ni na haifi Dewitt. Zuba min ganyen nan. A'a, da hannun dama, wanda kika ɗaga."

Loretha ta zuba mata ganyen. Tsohuwa ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ga ba abokiyar faɗa a nan, sai faɗan ya mutu mata a baki. Ta ce an ɗaukaka ƙara. Wata sabuwar lauya ta tona kundin shari'a ta gano alƙali ya tsallake wani abu a karatunsa. "In kina da sauran kunya, ki je ki ji me kuka yi."

Lauyar, Mis Brandt, ba ta kai 'yar Loretha ta fari ba, ofishinta kuwa ko ɗakin ajiyar dankali na makaranta ya fi shi sarari. Ta yi mata bayani a hankali. A dokar jihar nan, fashi da mutuwa kaɗai ba su isa a kira mutum mai kisan kai ba. Sai sha biyun sun gamsu yana da mugun nufi: ko ya so a kashe, ko ya so a yi mummunan rauni, ko ya san abin da yake yi zai iya cin rai ya ƙi damuwa. Wannan shafin ne alƙali bai karanta ba.

Loretha ta miƙe tsaye. "Ai abin da na tambaya ke nan! Ni na sa aka rubuta! Ɗauki biro, 'yata. Da an karanta mana, ko za a kwana goma a wancan ɗakin ba zan ɗaga hannu ba. Rubuta in sa hannu, a kawo Littafi Mai Tsarki in rantse."

"Mama, ba za su karɓa ba."

"Ƙarya za su ce na yi?"

"Ba za su ce komai ba, ba za su duba ba ne. Abin da ya gudana a ɗakin da aka rufe ku doka ba ta sauraronsa, ko daga bakin wa. An tambaye ki a zaure kin ce e, daga nan bakinki ya rufu. 'Yar takardar tambayar nan tana cikin kundi, ita kaɗai ce za ta yi magana a madadinki."

Loretha ta ce to, ta gode. Ta koma gida ta cika shafi huɗu da hannunta. Cleophus ya leƙa ya ce, "Yarinyar nan da ta yi shekara bakwai tana karatun abin ta ce ba a karɓa, ke da digirinki na wake da shinkafa kin ce za a karɓa."

"Za ka kai ni ko in hau bas?"

Ya kai ta kotun ɗaukaka ƙara ranar da za a saurari ƙarar. A ranar, ƙanƙara ta rufe hanya, tafiyar awa ɗaya da rabi ta zama uku.

Ita ta ɗauka za ta tarar da kotu irin waccan. Babu Dewitt, ba a ma kawo shi ba. Babu shaidu, babu akwatin mutum sha biyu. Alƙalai uku ne a can sama, da wani ɗan tebur na lauya mai fitilu, kore da ja, kowane ɓangare minti goma sha biyar. Mutanen da suka zo kallo ba su kai goma ba, Arzella tana can gefe ita kaɗai. Loretha ta miƙa wa akawu takardarta. Ya tambaya, "Ke lauya ce a ƙarar, Madam?" Ta ce a'a, tana cikin waɗanda suka yanke. Ya janye hannunsa kamar ta miƙo masa garwashi.

Mis Brandt ba ta yi minti biyu da farawa ba alƙalin tsakiya ya katse ta.

"Lokacin da aka tsallake shafin, lauyansa na farko ya tashi ya ce bai yarda ba?"

"Bai tashi ba, ranka ya daɗe."

"Da aka aiko da tambayar fa?"

"Nan ma bai tashi ba."

Alƙali ya rubuta wani abu. Loretha ta tuna lauyan nan, wani mai ƙaton ciki da ke kiran Dewitt da sunan wani. Ashe zaman da ya yi a kujera shi ma a kan Dewitt za a ɗora. Ƙa'idarsu ce: kuskuren da ba a yi ƙorafi a kansa nan take ba, sai ka nuna shi ne ya juya hukunci kafin a dube shi.

Lauyan gwamnati ya tashi yana gyara maɓalli. Ya ce bai musa an yi tsallake ba. Amma wanda ya kai ɗan fashi ƙofar kanti ya san ana iya rasa rai, kuma duk mutum sha biyu masu hankali haka za su gani, an karanta musu shafin ko ba a karanta ba.

Loretha ba ta san ta tashi ba. Ta dai ji jakarta ta faɗi, ta ji bakinta ya buɗe. Mai gadin zaure ya taho ba sauri, ya ce, "Zauna, Madam, don Allah." Cleophus ya kama gefen kwat ɗinta. Alƙalai uku suka ɗago suka dube ta, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi atishawa a coci. Taku goma ne tsakaninta da su, amsar da suke ta zagayawa tana kan harshenta.

Ta ce, "Ku yi haƙuri." Ta zauna.

Ba a yanke komai a ranar ba, su ba sa yankewa a gaban mutane. Wata bakwai bayan nan Mis Brandt ta bugo waya, Loretha tana yanka albasa.

"Mama, ya fito. Biyu da ɗaya. Duka ukun sun yarda alƙali ya yi kuskure."

"To Allah mun gode!"

"Tsaya, Mama. Biyun sun ce kuskuren bai canja komai ba. Sun ce ko an karanta muku, haka za ku yanke."

"Mu wa?"

"Ku sha biyun."

"Har da ni?"

"Har da ke."

"Sun san ni ne? Ga ni da raina, ga lambar wayata, ko awa biyu ba a yi daga nan zuwa can. Mutum ya zauna ya faɗi abin da ke cikina, ni kuma a ce ba ni da izinin faɗa?"

Lauya ta ce za ta gwada kotun da ke sama da wannan. Ta gwada. Su layi ɗaya suka rubuto, ba su ga dalilin saurare ba.

Da ta rasa wanda za ta ba, sai ta sa shafi huɗun a ambulan ta aika wa Dewitt a gidan yari. Cleophus ya ce ta bari, me zai yi da su, ya dafa? Bayan wata biyu amsa ta zo, da fensir, rubutu a tsaye kamar na mai auna katako. Ya ce ya karanta sau uku, ya gode. Ya ce tun da wasiƙar ta zo yake ƙoƙarin tuna fuskarta. Mata biyu manya yake iya tunawa a cikinsu. Ita ce ta layin gaba wadda takan dube shi in ana magana, ko ta baya can ƙarshe, wadda har aka gama ba ta ɗago kai ba?

Loretha ta san wacce ce, ta bayan ce. Ta sa Cleophus ya sayo mata kan sarki guda goma, ta ɗauko takarda ta rubuta kwanan wata, ta rubuta sunan Dewitt, ta tsaya a nan. Cleophus ya rasu shekara ta huɗu bayan nan, kan sarkin suna nan goma cif.