Kwamfutar da na kusa ba mai gwangwan

Wata rana, bayan na fita takaba, na shiga share ɗakin maigidana, Malam Haladu, Allah ya jiƙansa.

A ƙarƙashin tebur na jawo tsohuwar kwamfutarsa. Irin mai ƙaton akwatin nan, farinta har ya koma ruwan ƙasa.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Abin da na sani kawai, muna sabon aure a Zariya, duk Asabar sai ya ɗaure ta a bayan keke ya fita, ba ya dawowa sai la'asar.

Na sa aka fitar da ita ƙofar gida, muna jiran mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Sai ga sallama. Wani dattijo ne a kan babur, ban san shi ba. Ya ce wucewa yake yi ya hango akwatin, ya tambaya ko nan ne gidan Haladu. Bai ma ji rasuwar ba. Da na faɗa masa, ya yi addu'a.

Na tambaye shi yadda ya gane ta.

Ya nuna min gefen akwatin. An yanke shi, an toshe ramin da ragar ƙarfe. Ya ce 'yan ƙungiyarsu kaɗai ke yin haka, don iska ta riƙa shiga saboda zafin garinmu.

Na duba da kyau. Rariyata ce ta tankaɗe, wadda na yi ta cigiya har na haƙura.

Ya ba ni labari. Wai a bayan shagon wani mai gyaran rediyo suke haɗuwa, a Sabon Gari. Akwai malamin makaranta, akwai tela, akwai ma'aikacin asibiti. Ba mai ƙarfin sayen sabuwa, sai su tsinto sassa na hannu, kowa ya harhaɗa tasa. Wanda ya gane wani abu ya koya wa saura. In wuta ta ɗauke, su zauna su yi ta gardama har ta dawo.

Sai ya dube ni.

"Hajiya, kin taɓa kunna ta?"

"Malam, ni ko inda ake dannawa ban sani ba."

"To, kada ki sayar da muryar mijinki a kilo."

Na tambaye shi wace murya yake nufi.

Ashe al'adarsu ce, duk wanda tasa ta tashi a karon farko, sai an miƙa masa makirufo ya yi magana an ɗauka. Da haka suke gwada ko sauti na aiki.

Shi bai san nauyin abin da ya faɗa min ba. Ciwon shanyewar jiki ya ɗauke wa Malam magana tun autarmu Sa'adatu tana rarrafe. Ta girma, ta yi jinyarsa, amma ba ta san muryar ubanta ba.

Dattijon bai yi min alkawari ba. Ya ce abin da ke riƙe bayanan ya tsufa, wataƙila ya mutu. Kuma ya hana mu kunna ta da kanmu.

Ranar Asabar ya dawo da tasa tsohuwar kwamfutar. A zaure ya ciro wani ƙarfe kamar sabulun wanki daga cikin tamu, ya haɗa da tasa. Ƙarfen ya yi ta ƙara kamar ana sosa ƙwarya. Sa'adatu ta riƙe min hannu.

Sai muka ji hayaniyar maza da dariya. Sannan murya ɗaya ta fito sama:

"Ku yi shiru mana. Gwaji, gwaji. Ni ne Haladu, tawa ma ta tashi. Ku sallame ni da wuri, matata Ladidi ta ce yau dambu za ta yi."

Shi ke nan. Ba wasiyya, ba nasiha.

Sa'adatu ta juyo ta ce, "Mama, ashe Baba sauri yake yi in yana magana, kamar ni."

Ta roƙi dattijon ya sake sa mata. Ya sake.

Darasi: Kafin ka rabu da kayan mamaci, nemi waɗanda suka yi zamani da shi ka tambaye su. Akwai ɓangaren rayuwarsa da 'yan gida ba su taɓa gani ba, yana hannun abokansa.

In ka san wani gida da ke da irin wannan akwatin a lungu, tura masu wannan kafin mai gwangwan ya zo.