Mai Sayen Kwale-kwalen Kawu Daga Turai

Jama'a, yau saura ƙiris kwale-kwalen Kawu Sale ya tafi Turai!

Kawu ya daina sana'ar su, shi ne ya ce in saka hoton jirginsa a intanet ko za a dace. Da hantsi sai ga saƙo. Wani ne wai daga ƙasar waje, yana so. Ko tayi bai yi ba! Wai zai biya, amma in fara tura wa wakilinsa kuɗin dako.

Na sheƙa gindin gada, na tarar da Kawu yana shan rake, na karanta masa saƙon.

Ya ce, "Ba a ciniki a ɓoye aibi. Gaya masa yana yoyo."

Na rubuta. Mutumin ya ce ba komai.

"Gaya masa sai ana tafiya ana kwarfar ruwa da kwano."

Mutumin ya ce madalla!

Na ce to wakilin ya zo Wudil ya gani da idonsa. Nan take ya yi blokin ɗina!

Kawu ya tofar da tuƙa ya ce, "Ɗana, wanda aka ce wa jirgi na yoyo ya ce madalla, ba kogi zai shiga ba. Aljihunka zai shiga."