Ranar da Mai Gwaji Ta Auna Rijiyar Mahaifinta

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na hukumar lafiya, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai ya ce Mai Gwaji. Aikinta ruwa ne. Idan aka kawo mata shi cikin kwalba, daga rijiya ko famfo ko tanki, sai ta tace, ta ɗora matatar a kan ɗan faranti, ta saka a akwatin ɗumi ya kwana. Washegari ta buɗe ta ƙirga ɗigon ƙwayoyin cutar da suka tsiro. Ba ta taɓa sa hannu a takardar sakamako ba sai ta maimaita gwajin, ba ta kuma taɓa buɗe akwatin ba sai da bisimilla. Abokan aikinta kan tsokane ta cewa ko shayi aka miƙa mata, sai ta ɗaga kofin ta duba a haske.

Mahaifinta tela ne. Ya rasu tana da shekara tara, ya bar keken ɗinki ɗaya da rijiyar da ya haƙa a harabar masallacin unguwa, sadaka, domin lada ya riƙa iske shi a kabari. Ƙanensa, limamin masallacin, shi ya ɗauke ta ya riƙe. Shi ya koya mata alwala a bakin wannan rijiya, shi kuma ya tsaya kai da fata ta yi karatun kimiyya, lokacin da dangi suke cewa karatun zai raba ta da salla. Baffa take ce masa, shi kuma ya ce mata Uwata.

A daminar shekararta ta ƙarshe a aiki, amai da gudawa suka shiga unguwar. Cikin kwana huɗu aka kwantar da mutum goma sha ɗaya, wata tsohuwa ta cika. Mai Gwaji ta zagaya da kwalabenta. Ruwan famfo lafiya lau, haka na tankin makaranta. Farantin rijiyar masallaci kuwa ɗigo ya rufe shi har ba ya ƙirguwa. Ta maimaita. Ta sake yin na uku, abin da ba ta taɓa yi ba. Sakamakon bai motsa ba.

Ta san ƙa'ida: za ta miƙa rahoto, bayan kwana biyu ma'aikata su zo da siminti su toshe rijiyar. Ta kuma san mutanenta. A kwana biyun nan babu mai fasa jan ruwa saboda takardar hukuma, sai dai in liman ne ya ce a bari. Da rana ta take, ta naɗe farantin, ta sa a jaka, ta nufi masallaci.

Ta iske Baffa a ɗan ɗakinsa na gefe, littattafai jere a kan katako, tabarau a ƙarshen hanci. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi ciwon gwiwarsa, sannan ta buɗe jaka ta yi bayani a hankali. Ya saurara har ta kai ƙarshe. Sai ya tuna mata abin da ya karantar da ita tun tana ƙarama, cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canza ba, mai tsarki ne. Ta ce ba ta zo ja da karatunsa ba, amma akwai abin da yake kwantar da mutum alhali ido ba ya ganinsa.

"Wato ido bai gani ba, hanci bai ji ba, harshe bai ji ba, sai farantinki, Uwata?"

Ta so ta ce ai shi ya koya mata yarda da abubuwa da yawa da ido ba ya gani. Ta haɗiye, domin ba cin musu ya kawo ta ba. Ya tambaye ta daga ina cutar za ta shiga rijiyar da take da murfi. Wannan ce tambayar da take tsoro tun a hanya. Ta sunkuyar da kai ta ce sabon banɗakin masallaci da aka gina bara, raminsa taku goma sha biyar ne kawai daga rijiyar, kuma a kan tudu yake. Ruwan sama ya cika shi, ƙasa ta tsotse, ta gangara.

Baffa ya cire tabarau. Shi ya zaɓi wurin da kansa. Magini ya so a kai banɗakin can bayan katanga, shi ya hana, don a can ba yadda za a gina shi sai mai tsugunno ya fuskanci alƙibla.

"Kina nufin ni na zuba wa ɗan'uwana ƙazanta a sadakarsa?"

Ta mayar da farantin cikin jaka. Ladan ya kira azahar. Baffa ya miƙe da ƙyar, ya wuce ta kamar ba ta wurin, ta bi bayansa.

Harabar ta fara cika, kowa da butarsa. Labari ya riga ya zagaya, domin an gan ta da kwalba a bakin rijiyar har sau uku. Wani mai gyaran babur ya ce da ƙarfi, shi tun yana rarrafe yake shan ruwan nan, ga shi jiya ma ya ɗaga inji shi kaɗai. Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Baffa ya buɗe murfin, ya zura guga da hannunsa, ya jawo. Ruwan garau, har ana ganin gindin gugan. Ya ɗaga shi don kowa ya gani, sannan ya kamfata a tafin hannu, ya nufi baki da shi.

Mai Gwaji ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baffa, in ka sha, babu wanda zai ƙi sha a unguwar nan."

Hannunsa ya tsaya a daidai gemu. Ruwan ya yi ta tsiyaya ta tsakanin yatsunsa yana jiƙa gaban rigarsa. Ya dubi mata biyu da suke jira a bakin ƙofa da bokitai, ɗaya da goyo. Bai dubi 'yar ɗan'uwansa ba.

Ya tuntsurar da gugan a ƙasa. Ya tsuguna duk da gwiwar, ya kwance igiyar, ya naɗe ta a hannu, ya mayar da murfi. Ya ce wa ladan a jinkirta salla, kowa ya koma gida ya yi alwala da ruwan famfo, kuma kada ya ga guga a harabar nan sai ya ce. Mai gyaran babur ya fara magana, Baffa ya ce da shi salla ya zo yi ko wa'azi.

Ta miƙa rahotonta kafin la'asar. Bayan kwana biyu aka zo da siminti, Baffa ya rufe kansa a ɗaki har aka gama. Daga makon nan cutar ta lafa. Mai Gwaji ta ci gaba da zuwa gaishe shi kamar kullum, yana amsawa a taƙaice, idonsa a kan littafi. Sai da wata uku ya cika kafin ya sake ce mata Uwata.