Lissafin Kwanakin Sabri

Shekara ashirin da bakwai Sabri Abdusshafi ya yi yana aiki a wata masaƙa a Iskandariyya, kuma har mahaifiyarsa ta rasu tana gaya wa maƙwabta ɗanta mai gyaran tarho ne. Bai taɓa yi mata musu ba. Shi da kansa yakan ce aikinsa irin na mai kwalbati ne, ba a tunawa da shi sai ruwa ya toshe.

Suwic yake kiwo, akwatunan nan masu ramuka da fitilu da ke haɗa kwamfutocin ma'aikata. Idan ya samu mai saurare a gidan shayi, sai ya fara: suwic yana haddace adireshin MAC na kowace na'ura, VLAN kuwa katanga ce da ke raba ofishin albashi da sito don kada su leƙa juna. Kafin ya kai STP, mai hana saƙo zagaye har ya shaƙe layi, mutumin ya tuna yana da uzuri.

Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya. A siton masaƙar da ke garin Burj al-Arab akwai wani tsohon suwic da ya shekara goma sha ɗaya da wata goma sha ɗaya ba a kashe shi ko sau ɗaya ba, kuma na'urar tana ƙirga kwanakinta. Wasu hoton jikoki suke nunawa a waya, Sabri hoton wannan lambar yake nunawa. Saura wata guda ya yi ritaya, daidai lokacin da lambar za ta cika shekara sha biyu. Yana son haka har cikin ransa, don ita kaɗai ce shaidar cewa ya yi wani abu.

Mutanen sana'arsu ba sa taɓa komai ranar Alhamis, don a can washegari Juma'a hutu ne. Sabri ya fi kowa wa'azin haka, amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata Alhamis da hantsi, yana ofis yana cin wake da burodi, ya ce bari ya ƙara VLAN ɗaya a can siton. Ya tura sabon jerin VLAN, sabon ya share tsohon, har da hanyar da shi kansa yake bi ya shiga. Ya yi ping, wato ya ƙwanƙwasa wa suwic ɗin ƙofa, shiru.

Manaja ya bugo yana faɗa, wai motoci talatin sun yi layi, an kasa fitar da takardar kaya. Sabri ya san maganin sarai. Bai adana canjin ba, don haka ana kashe suwic ɗin a kunna, komai zai dawo, sai dai ƙirgan kwanakin zai koma sifili. Ko kuma ya yi tafiyar awa ɗaya da rabi ya gyara da hannu, direbobi na gasuwa a rana. Ya ɗauki makullin mota har ya kai ƙofa, kunya ta dawo da shi. Ya kira Ammu Gabir, tsohon mai gadin siton, ya kwatanta masa baƙar wayar wutar suwic ɗin da zai zare ya mayar.

Aka ɗan jima, allo ya farfaɗo. Lambar ta nuna minti biyu.

"Sun ce ta yi, Bashmuhandis," in ji Ammu Gabir, wato babban injiniya a bakin mutanen can. "To wai dama aikin naka ke nan? Ai da ka faɗa mini tuntuni, da na hutar da kai."

Sabri ya yi dariya har sai da ya share ido da bayan hannu.

"Shi ke nan, Ammu," ya ce. "Amma don Allah kada ka gaya wa manaja, saura wata ɗaya in yi ritaya."