Jita da Siginar Yaya Bitrus

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Bitrus a Orozo, amma har yau in na ji siginar mota tana ƙas-ƙas, sai yatsana ya fara motsi.

Direban tasi ne, kuma shi ke kaɗa jita a cocinmu. Ni kuwa sai da furfura ta fara leƙo ni na ce zan koya. Matsalata ɗaya ce, gaggawa. Da na taɓa tsirkiya sai hannuna ya ruga kamar an biyo shi. Yaya ba shi da na'urar auna saurin kiɗa, sai ya ƙirƙiro tasa. In ya taso aiki da yamma, ya zaunar da ni a gaban mota ya kunna sigina. Kowane ƙas, in kaɗa tsirkiya sau ɗaya. Sai da ya gamsu ya yarda in yi biyu. Na daɗe ina roƙon a kai ni huɗu, yana cewa, "Oga, ina za ka ne? Sauri ya haifi nawa."

Batir ne ya fi kowa shan wahalar karatun nan. Sau da yawa da safe sai mun tura motar, matarsa Maman Rifkatu tana bakin ƙofa tana yi mana tsiya, wai ba ta taɓa ganin ajin da sai an tura shi yake tashi ba.

Yanzu akwai manhaja a wayata da ke buga mini taki, har ta faɗa mini yawan saurina. Ina jin da Yaya ya gan ta, dariya zai yi, ya tambaya ko ita ma ana tura ta. Daga baya kuma ya ƙwace wayar, don mutum ne mai son sabon abu.

A watan jiya aka yi auren 'yarsa Rifkatu. Ta roƙe ni in kaɗa mata kiɗan da mahaifinta ke yi mata tun tana goye, da shi take son shiga coci. Na amsa. Ranar gwaji na zuba sauri har ta tsaya ta ce, "Baba Ƙarami, amarya ce ni fa, ba gudun fanfalaki na zo ba."

Ranar auren coci ya cika, ba halin kunna waya ta buga mini taki. Na ɗora yatsa, na ji hannuna yana shirin tserewa. Sai na ji ƙas, ƙas daga bencin gaba. Maman Rifkatu ce ke buga zobenta a jikin katako, daidai da takin siginar da ta yi shekaru tana yi wa tsiya. Na bi ta sannu a hankali, amarya ta tako cikin natsuwa, ni kuma hawaye ya hana ni ganin tsirkiya.

Motar an daɗe da sayar da ita, manhaja kuma ta ce har yanzu ni ɗan koyo ne. Ban damu ba. Yaya bai kai 'yarsa gaban fasto ba, amma da takinsa ta isa. Ina kewarka ƙwarai, Yaya. Wannan karon ban yi sauri ba.