Kunun Kanwar Hajiya Asabe da Shagunan Shinuwa Uku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Hajiya Asabe makwancinta, kuma tun da ba ta nan balle ta katse ni, zan iya ba da labarin nan yadda na ga dama. Sai dai ko ta ina na juya shi, wawan cikinsa ni ne. 'Yar kawuna ce, taubashiyata, mai rumfar kayan ɗakin amare a kasuwar New Bell da ke Duwala, a Kamaru. Ni kuwa Tanko dillali, wanda ya bar lekol, makarantar boko, a aji huɗu, amma har yau in ana musu a majalisa ni ake jira in yanke hukunci. Ko kuma dai ni ke yankewa ba a jira ba.

Yaran yanzu labarin lakiris, wato zamanin karyewar tattalin arziki, kawai suke ji. Albashi ya tsaya, ma'aikatan ofis suka koma tuƙa bensikin, wato baburan haya, aka zo kuma aka karya darajar sefa. Samira da fulas da Hajiya ke sarowa daga Najeriya suka gagari hannunta. Rumfa ta yi fayau. Rumfar nan gadon mahaifiyarta ce, da ita take ciyar da marayun da mijinta ya bari, ga wani mai kayan babur yana ta zarya yana taya rumfar. Ta ce in damina ta wuce ba kaya, za ta sallama.

A tsakanin nan ne Sinawa, waɗanda muke kira Shinuwa, suka fara buɗe shaguna a unguwar Akwa. Na leƙa na ga uku a jere, kaya iri ɗaya, arha kamar an tsinto. Zuciyata ta yi fari ƙal. Na ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma 'yan kasuwa uku a layi ɗaya bango ne tsagagge. Na je na bugi ƙirji a gaban Hajiya, na ce ta bar mini, zan haɗa su faɗa in kwaso mata kaya a rabin kuɗi.

Na sa babbar rigata, na shiga shagon farko, na wani mai suna Misye Wan. Ya faɗi kuɗi, na ce maƙwabcinsa ya fi shi sauƙi. Ya yi murmushi bai rage ba. Na shiga na biyu da ƙaryar na farko, na shiga na uku, wurin wani tsoho, da ƙaryar na biyu. Bakinsu ɗaya. Ban karaya ba. Da azahar na koma wurin Wan da sabuwar ƙarya, cewa tsohon ya sallama mini. Na tarar da ƙofa a saye, na tura. Ga su nan su ukun sun kewaye tukunya ɗaya, kowa da 'yan sandunansa, suna zuƙar taliya. Tsohon da na zo yi wa ƙarya ya ɗago hannu, ya matsa mini kujera, ya ce da Faransanci, "Patron, mange," wato maigida, ci abinci.

Ashe tsohon kawun sauran biyun ne. Garinsu ɗaya, kayansu a kwantena ɗaya suke zuwa. Sabon zuwa a magaza, ɗakin ajiyar kaya, yake kwana, a ba shi kaya ba ko sefa, in ya tsaya da ƙafarsa shi ma ya jawo wani daga gida. Duk abin da na faɗa da safe an riga an ci shi da taliya.

Na koma na zayyana wa Hajiya, ina kumfar baki. Cikin surutu na ce wurin ma ba tsari, ga wata mai jego can a lungu tsakanin kwalaye, jariri na tsala kuka. Duk dogon bayanina na kasuwanci, nan kaɗai ta tsayar da ni.

"Akwai tsohuwa tare da ita?"

Na ce ban gani ba.

Washegari ta dama kunun kanwa, ta yi farfesun kaza, ta hau bensikin da kula a cinya. Ba ta jin Sinanci, Faransancinta na ciniki ne, mai jegon kuwa, wadda ashe matar Wan ce, ko wannan ba ta da shi. Amma ashe su ma mai jegonsu ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta fita, abu mai zafi ake ba ta. Yarinyar ta kurɓi kunun nan ta fashe da kuka. Hajiya ta yi ta zuwa har aka yi arba'in, tana gasa wa jariri cibi, ba ta taɓa tambayar kuɗin ko cokali ba.

Sai ga tsohon nan da kansa a New Bell, a gaban motar kaya, yana tambayar rumfar Mama. Aka cika rumfar har rufi, ya ce ta sayar ta kawo. Ranar nan na yi rawa a tsakar kasuwa da furfurata. Hajiya kuma ta jawo matan bikinta, masu kai kaya gida-gida har unguwar Nkololoun, ta tsaya musu, su ma aka ba su. Mai kayan babur ya daina biyowa ta layin.

Ina tunanin me za ta ce da ta ga yau. Jikarta ke rumfar, da waya take zaɓen kaya daga can ƙasar Sin. Yaranmu da ke zuwa saro da kansu, wasunsu a hannun dangin Wan suke sauka. Wannan zai faranta mata. Amma za ta tambayi zauren kakanmu, inda duk fatken da ya iso Duwala ke sauka a ci da shi, a tsaya masa a kasuwa. Mun yanka shi ɗakunan haya. Abin da muka yi ta mamaki a wurin Shinuwa, da shi kakanninmu suka kafa unguwar nan.

Ba ta bar gidan sama ba. Ta bar rumfa a buɗe, da marayu da suka zama mutane, da wani saurayi Basine, jaririn nan da ta gasa wa cibi, da ya cire takalmi ya zauna a tabarmar ta'aziyyarta yana share hawaye. Ta kuma bar mini magana ɗaya. Wata rana ina cin tuwo a gidanta, na gyara murya na ce ni fa har yanzu ina ganin haɗa kan nan nasu wayo ne, ba kasuwanci ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tanko, su teku suka tsallako ba su yar da zumunci ba. Kai titi ɗaya ne tsakaninmu, sai ka jiyo ƙamshin miyata kake tuna kana da 'yar'uwa."