Inna Zulaiha da Ruwan Toka

Inna Zulaiha ta daɗe tana toya waina a Lakwaya, har hayaƙin itace ya fara cin idanunta. Likita ya ce ta bar murhu ko ta makance. Ɗanta ya gina mata ramin da ke ba da gas daga kashin shanu da karan masara, amma karan ya ƙi ruɓewa, wuta ta ƙi kamawa.

Ba ta haƙura ba. Ta riƙa daddatsa karan tana jiƙa shi a ruwan toka har ya yi laushi, sannan ta zuba. Wuta ta kama. Yanzu gidanta babu toka, sai ta roƙa a maƙwabta.

"Inna, har toka ake roƙo?" in ji maƙwabciyarta Najwa.

"Zuba min, 'yar nan. Ni da itace mun rabu."